Kafin Ka Sayi Maganin Cutar Kifin Ado, Dubi Sauran Mazauna Tankin

Mai kiwon kifin ado yakan wayi gari ya tarar da fararen ɗigo a jikin kifinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, kifin kuma yana ta goga gefensa da dutse. Hankali yakan tashi a irin wannan lokaci, sai mutum ya ɗauki kwalbar farko da ya gani. To amma tankin ba na kifi kaɗai ba ne. In akwai jatan lande, dodon koɗi, tsirran ruwa, ko kifaye marasa ɓawo irin dangin tarwaɗa, to halin mafi rauni a cikinsu shi ya kamata ya zaɓa maka magani.

Maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Yana aiki sosai a kan fararen ɗigo, musamman a tankin ruwan gishiri, amma yana kashe jatan lande da kaguwa da dodon koɗi da murjani ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutar da kifin kansa ƙarama ce ƙwarai, don haka duk wanda zai saye shi dole ya haɗa da na'urar gwada yawansa a ruwa, kuma dafinsa yana ƙaruwa a ruwan da ba shi da ma'adinai da yawa. Abin da ya fi damuna game da shi shi ne yadda yashi da duwatsu masu ƙofofi suke shanye shi, su riƙa sakinsa sannu a hankali, har jatan landen da aka zuba bayan an daɗe da gama magani ya riƙa mutuwa ba a san dalili ba. A ganina, wurinsa kawai shi ne tankin jinya wanda babu komai a cikinsa sai ruwa da kifi.

Malakayit girin da formalin, waɗanda sau da yawa ake haɗa su a kwalba ɗaya, sun fi sauƙi ga tsirrai, amma suna wahalar da kifaye marasa ɓawo, shi ya sa masu harhaɗa su da dama suke cewa a ba irin waɗannan kifaye rabin adadi. Formalin yana rage iskar da ke cikin ruwa, saboda haka a ƙara ƙarfin injin kumfa kafin a zuba shi, in kuma an ga farin abu ya kwanta a gindin kwalbar, a zubar da ita, domin ya rikiɗe ya zama guba. Metilin bulu kuwa yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matatar ruwa, yana kuma cutar da tsirrai, don haka a yi wa kifi wanka da shi a wani mazubi dabam.

Wasu sukan guje wa waɗannan duka su koma ga gishiri da ɗumama ruwa. Giram 1 zuwa 3 na gishiri a kowace lita yana taimakawa, sai dai yawancin tsirrai ba sa jure shi, kifin koridoras, wani ƙaramin kifin ado dangin tarwaɗa, ma ba ya son sa, kuma ba ya fita sai an canja ruwa. Ɗaga zafi zuwa kusan digiri 30 na ma'aunin Salshiyos yana hanzarta rayuwar ƙwayar cutar da ke jawo fararen ɗigon, amma yana rage iska, ba ya kuma dacewa da kifin ruwan sanyi.

In matsalar tsutsotsi ce, a nan ne karanta sunan sinadarin yake da matuƙar amfani. Furazikwantel, wanda ake ba kifi saboda tsutsar fata da ta gurbin numfashi, yana daga cikin mafi aminci ga tsirrai da jatan lande da matatar ruwa. Lebamisol, maganin jar tsutsar da ke leƙowa daga duburar kifi, sandarar da ita yake yi, don haka sai an zuƙe ƙasan tanki bayan an yi amfani da shi. Fenbendazol yana kashe dodon koɗi, yana kuma daɗewa a tanki. Difulubenzuron yana hana ƙwarƙwatar kifi yin sabon ɓawo, kuma haka nan yake yi wa jatan lande, sai ya mutu a lokacin saɓa.

Kada kalmar "ba ya cutar da kowa" da ke gaban kwalba ta ishe ka. Juya bayanta ka nemi sunan sinadarin, in ba a rubuta ba ka ajiye ta. Sau da yawa ƙaramin tanki na biyu da injin kumfa sun fi kowace kwalba amfani, domin a nan za ka killace sabon kifi na kimanin mako 4, a nan kuma za ka yi jinya ba tare da fargabar sauran halittu ba. Ka cire gawayin da ke cikin matatar ruwa kafin ka zuba magani, domin shanye shi zai yi, kuma ka ci gaba da ba da maganin na wasu kwanaki bayan ɗigon sun ɓace, saboda ƙwayar cutar ba ta mutuwa tana manne a fatar kifi, sai lokacin da 'ya'yanta suke iyo a ruwa suna neman wanda za su kama.