Furar Sakkwato ko Kifin Argungu?

Ka zauna a rumfar mai shayi a Sakkwato ka yabi kifin Argungu, nan take za a taso maka. Basakkwace zai ce maka babu abin da ya kai furar gero da aka dama da kindirmo, musamman a watan Afrilu da rana ke ƙona ƙasa. Gaskiyarsa ce, ƙwarya ɗaya ta isa ta riƙe mutum har la'asar.

Shi kuwa Bakabe da ruwa yake tinƙaho: giwan ruwa daga kogin Matan Fada, ga shinkafar fadama da ake tuƙa tuwo da ita.

Gardamar dai ta girmi abinci. Kabawa jikokin Kanta ne, sarkin da ya kafa daular Kabi, kuma a ƙarni na 19 Argungu ta daɗe tana fafatawa da Daular Usmaniyya ba ta miƙa wuya ba. Bikin kamun kifin Argungu ma ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai can a 1934. Da Babangida ya cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, wasu Kabawa sun ji kamar tsohon bashi aka biya su. Sakkwatawa kuma suka ce ƙane ne ya fita ya gina gidansa, Hubbaren Shehu dai yana nan inda yake.

Ni da zafi fura nake nema. Amma in sanyin hunturu ya shigo, a ba ni farfesun kifi kawai, ko da 'yan unguwarmu za su ce na ci amana.