Murjani mai laushi ko mai ƙashi: da wanne za a fara, kuma ina za a ajiye shi?

Malam, ka ce tankinka na ruwan gishiri mai cin lita 200 ya yi wata huɗu, kifayenka biyu suna nan lafiya lau, yanzu kana son zuba murjani. Kana tambaya ko ka fara da mai laushi, ko ka faɗa wa mai ƙashi kai tsaye tunda shi ya fi tafiya da hankalinka a hoto, sannan yaya ake jera su a kan dutse. Ka kuma ce a Kano kake, kuma wannan kaɗai ya ba da rabin amsar.

Dukkansu dabbobi ne, kuma a cikin naman mafi yawansu akwai ƙwayoyin gansakuka da ke haɗa musu abinci da haske, shi ya sa fitilar tanki take da muhimmanci haka. Inda suka rabu shi ne ƙashi. Mai ƙashi kullum gini yake yi da sinadarin alli, yana tsotse kalsiyam da alkali (wato sinadaran da ke hana ruwa yin tsami) daga ruwa, kai kuma dole ka riƙa aunawa kana mayarwa. Mai laushi, irin su Sarcophyton da Sinularia da Xenia, ba ya wannan ginin, don haka canza kashi 10 cikin ɗari na ruwa duk mako ɗaya ko biyu yakan wadace shi. Shi ma mai ƙashin gida biyu ne. Akwai masu kaurin nama da manyan baki, waɗanda za ka gani an rubuta LPS a jerin 'yan kasuwa, kamar Euphyllia da Caulastrea da Duncanopsammia. Akwai kuma masu rassa da ƙananan baki, wato SPS, su Acropora da Montipora da Seriatopora.

A takarda, ruwan da suke so iri ɗaya ne: gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 24 zuwa 26, kalsiyam 400 zuwa 450, alkali 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, magnesiyam wajen 1300. Ba a gane bambancinsu sai ranar da waɗannan lambobin suka motsa. Sarcophyton idan ransa ya ɓaci sai ya janye gashinsa, kansa ya yi sulɓi yana ƙyalli, ya yi kwanaki a haka har ka fitar da rai, daga baya ya saɓule wata siririyar fata ya sake buɗewa ya fi da kyau. Acropora ba ya fushi irin wannan. Alkali ya yi tsalle a yini ɗaya, sai ka ga bakin rassan ya ƙone, ko naman ya fara saɓulewa daga gindi yana hawa sama, kafin kwana biyu babu abin da ya rage sai farin ƙashi. Akuya ce da dokin sarki: ɗaya za ta kwana da yunwa ta tashi garau, ɗayan kuwa sai da mai kula da shi safe da yamma.

To, ga zafin Kano. A watan Afrilu ana kai digiri 40, kuma tankin da ke ɗakin da ba na'urar sanyaya iska zai haura 30 ba tare da ka ankara ba. A teku ma, ƙarin digiri ɗaya kan zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya sa murjani ya kori gansakukarsa ya yi fari fat, kamar yadda aka gani a babban tudun murjani na Ostireliya a 2016 da 2017. Mai laushi ma zafi yana kashe shi, Xenia narkewa take yi ta zama kunu, sai dai yana ba ka ɗan lokacin gyara. Fanka mai hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya ko biyu, busasshiyar iskarmu kuma tana taimaka mata, amma ruwan da ya tashi ya bar gishirinsa a tanki, sai ka cike gurbin da ruwa marar gishiri wanda ya bi ta matatar RO, na'urar da ke tace gishiri da sauran sinadarai daga ruwa. Ruwan famfo da na burtsatse ba sa yi. Idan an ɗauke wuta kuwa, kada ka damu da fitila tukuna. Murjani zai jure duhun kwana biyu, amma ruwa ya tsaya cak na wasu awoyi iskar shaƙa ta ƙare. Ƙaramin injin kaɗa ruwa shi ne na farkon hawa inbata. Wanda ba shi da tsayayyar wuta da na'urar sanyaya ruwa, ni dai ba zan ba shi shawarar sayen Acropora ba ko da kyauta aka ba shi.

Sai batun jeri, inda kowanne yake da irin tasa fitinar. Masu rassa suna son saman dutse, inda haske ya fi ƙarfi kuma ruwa ke dukansu ta kowane gefe. Euphyllia tsakiya ko ƙasa take so, da ruwa mai kaɗa ta a hankali, domin igiya mai ƙarfi tana goga namanta a kan kaifin ƙashinta ta yage. Masu laushi kusan ko'ina suna zama, amma ƙasa da gefe sun ishe su. Duk sabon da ka kawo, ko na sama ne, fara ajiye shi a kan yashi, ka riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan cikin makonni. Haske ya yi yawa farat ɗaya ya fi ƙarancinsa ɓarna.

Masu kaurin nama da dare suke yaƙi. Bayan fitila ta mutu da awa ɗaya ko biyu, haska tocila ka gani: wasu dogayen zaruruwa masu harbi suna fitowa suna lalube, duk maƙwabcin da suka taɓa da safe za ka tarar da gefensa ya ƙone. Galaxea ce gwanar wannan. Bar tazarar santimita 15 aƙalla tsakaninsu da kowa, ka ƙara ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, tunda can zaruruwan ke miƙewa. Masu laushi kuwa ba sa harbi sosai, guba suke saki a ruwa. Sarcophyton da Sinularia suna fitar da sinadaran da ke hana mai ƙashi girma, shi ya sa mai haɗa su a tanki ɗaya ba ya rabuwa da gawayin tace ruwa.

Babban aibin mai laushi shi ne mamaya, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Xenia da koren nan mai shimfiɗa da ake kira Briareum, idan suka samu wuri, bin dutse suke yi har su rufe komai, kuma kankare su aiki ne ja. Ka ba kowannensu dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, kada ya taɓa babban ginin.

Akwai gargaɗin da ba na wasa ba. Zoanthus da musamman Palythoa, masu kama da ƙananan furanni da ake cusa wa sabon shiga saboda arha da launi, wasunsu na ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin mafi tsananin guba da aka sani. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su. Kada ka kuskura ka tafasa dutsen da suke kai ko ka zuba masa ruwan zafi, tururin ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti. Gidan da ke da yara masu tsoma hannu, a bar su a kanti.

Wajen saye ma ba ɗaya suke ba. Duk mai ƙashi yana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda, kuma lokacin da Indunisiya ta dakatar da fitar da shi daga 2018 zuwa farkon 2020 kasuwar duniya ta ji a jikinta. Yawancin masu laushi ba sa cikin wannan jerin, da reza ake yanka su a ba aboki. Ko wanne ne, gutsuren da ya girma a tankin wani ya fi wanda aka ɓallo daga teku juriya.

Da ni ne kai, zan fara da Sarcophyton ɗaya da Discosoma, wani marar ƙashi mai kama da faifai, biyu ko uku a ƙasa. Idan bazara ta wuce suna nan, kuma awon alkali bai yi ta hawa da sauka ba, in ƙara Duncanopsammia ko Caulastrea a tsakiya. Saman dutsen a bar shi fayau har tanki ya shekara, sannan a gwada Montipora, wanda ya fi Acropora haƙuri. Mai ƙashi ana manna shi da sufagulu mai kauri: tsane gindin gutsuren, ɗiga, ka danna a dutse na daƙiƙa 30. Mai laushi santsinsa ba ya riƙe gam, sai dai ka ɗaure shi sako-sako da robar kuɗi a kan ɗan dutse har ya kama da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.