Doguwar safar hannu don wankin akwatin kifi

Akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado yana da zurfi, shi ya sa safar likitoci ba ta yi mini ba: da na miƙa hannu ƙasa ruwa ya cika ta. Sai na sayi doguwa ta robar PVC, mai kaiwa kafaɗa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ina kankare gansakuka, in juya tsakuwa, hannuna a bushe. Hankalina ma ya kwanta, don ƙwayar cutar Mycobacterium marinum, wadda ake iya samu a ruwan akwatin kifi, ta ƙaramin rauni take shiga fata.

Aibinta kauri: ɗaukar ƙananan tsirrai da yatsu sai da dabara, ga gumi lokacin zafi. Don Allah kada a sa mata sabulu, yana cutar da kifi. A ɗauraye, a shanya.