Zoben maratayin bindiga na Uncle Mike's: ƙarfe mai kyau, amma sai an san inda za a kafa shi

Zoben maratayi na Uncle Mike's, samfurin QD Super Swivel, kayan Amurka ne da mafarauta suka daɗe da sani. Abu iri biyu ne a cikin kwalin, kowanne da na gaban bindiga da na bayanta: ƙusa mai zare wadda ake ɗaurawa a jikin bindiga, kanta da ɗan rami, da kuma zoben da igiyar ratayawa ke shiga. Ana danna ɗan maɓalli sai bakin zoben ya buɗe, a zura sandarsa cikin ramin ƙusar, a rufe, sannan a murɗa wani ɗan makulli da yatsa. Wannan makulli shi ya raba shi da na araha, domin in an murɗa shi reshe ko rigar mutum ba za su buɗe zoben ba. Faɗinsa iri biyu ne, inci 1 da inci 1¼, wato milimita 25 da 32. A auna igiyar kafin a biya kuɗi. Siririyar igiya a faffaɗan zobe zamewa take yi gefe tana naɗewa.

Ingancin ƙarfen ba abin musu ba ne. Inda masu saye ke yin asara shi ne ɗaukar kwalin da bai dace da bindigarsu ba, saboda kamfanin yana yin saiti daban-daban gwargwadon wurin da za a kafa zoben gaba.

Na baya ba ya da rigima. Wurinsa ƙarƙashin gindin bindiga, inci 2 zuwa 2½ daga ƙarshen katako, daidai tsakiya. In ya matsa kusa da ƙarshe, katakon wurin siriri ne, yana iya tsagewa. A cire harsashi, a duba a sake dubawa, a manna tef a wurin don kada bakin mahudi ya zame, sannan a huda da mahudi mai kaurin 5/32 na inci, kusan milimita 4. A ɗan faɗaɗa bakin ramin da na 7/32, saman kawai. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, shi ya sa za ka ga katako ya ɓalle kewaye da ƙusa. A shafa wa zaren ɗan sabulu, a zura siririn ƙarfe a ramin kan ƙusar a murɗa da hannu. Ramin ya tsaya a gicciye, ba ya kallon bakin bindiga. Idan ya tsaya a karkace, a warware a ƙara 'yar washa (siririn faifai mai rami a tsakiya) a ƙarƙashi, kada a tilasta masa ƙarin rabin zagaye, domin nan zaren katako ke cinyewa.

Zoben gaba ne ke buƙatar tunani. Bindigar farauta mai kai harsashi nesa, wadda aka ɗora wa madubin hange, a katakon gaba ya kamata a kafa nata, kamar inci 2 daga ƙarshensa. Dalilin shi ne yawancin irinta an bar tazara tsakanin hancin bindiga, wato bututun ƙarfen da harsashi ke bi, da katako, don kada komai ya taɓa ƙarfen lokacin harbi. Duk wanda ke naɗa igiya a damtse don hannunsa ya tsaya cik, in zoben na jikin hancin, jan igiyar zai karkatar da saiti, harsashi ya faɗa ƙasa ko gefe. A nan saitin da ke da ƙusa mai noti ya fi mai shiga katako kai tsaye. Sai an raba ƙarfe da katako, a huda har ya fita, a nutsar da notin daga ciki, a yanke abin da ya yi saura. Ko ɗan tsinin ƙusar ya taɓa hancin, an ɓata waccan tazarar. A gwada da takarda: a zura ta tsakanin hanci da katako, ta wuce ba tare da ta maƙale ba. Gajerar ƙusar katako mai rabin inci tana aiki, amma riƙonta kaɗan ne ga bindiga mai nauyi.

Manyan bindigogi masu tokari da ƙarfi, irin su .375 H&H da .416 Rigby da ake farautar ɓauna da su a kudancin Afirka, akasin haka ne. Masu ƙera su kan sa zoben a jikin hancin, saboda in bindiga ta zabura baya, ƙusar da ke katako tana yankar hannun hagu. Akwai ƙarin riba: zobe a can gaba yana sa bakin bindiga ya sauko in an rataya, ba ya yawan kama rassa.

Bindiga mai baki ɗaya da ake karyawa a sa harsashi, irin Baikal ta Rasha, ita ma a hancin za a kafa mata. Katakonta na gaba siriri ne, ɗan makama ne kawai ke riƙe da shi, bai kamata nauyin bindiga ya rataya a kansa ba. Uncle Mike's na da mari mai ɓari biyu da ke rungume hanci, ana matse shi da ƙusa, babu huda. Sai dai kowane mari da kaurin da aka yi shi dominsa, kuma hancin bindiga yana sirancewa ne zuwa gaba, don haka a auna daidai wurin da zai zauna da ma'aunin kauri irin na makanikai. Wanda ya yi yawa zai riƙa zamewa yana kankare fenti, cusa masa roba kuwa gyaran kwana biyu ne.

Aibin zoben na farko tsatsa: baƙin ƙarfe ne, gumi da ruwan damina suna kama shi da wuri, musamman cikin makullin, sai da ɗigon mai lokaci lokaci. Yana kuma ɗan kiɗa idan ana tafiya, abin da dabba ke ji tun daga nesa. Da hunturu katako kan bushe ya tsuke, ƙusa ta saki, a riƙa gwada ta da yatsa kafin fita. Gindin roba mai rami a ciki ba ya riƙe ƙusar katako sai an sa noti ta ciki. Zoben kuma ba ya shiga ramin da ake cusa kan zobe a ciki irin na bindigogin zamani, tsarinsu daban ne. A lura da jabu: na gaske makullinsa na murɗuwa sumul, bakin zoben ba ya girgiɗi bayan an rufe.