Wace hanya ta fi in kana son manhaja ta tashi da kanta da an kunna kwamfuta?

Masu shagunan buga takardu na gefen jami'ar Danfodiyo a Sakkwato da na cikin gari suna yawan yi min wagga tambaya, wai ya za a yi sikirif, wato ɗan fayil mai jerin umarni, da ke kwafe aikin kwastoma zuwa wani had dis ya rinƙa tashi da kansa da an shiga Windows, ba sai yaron shago ya tuna ba. Hanyoyi akwai su, amma ni dai Task Scheduler, mai tsara lokacin tashin ayyuka a Windows, nike ba kowa shawara.

Fodar Startup ita ce mai sauƙi, ka danna Win da R ka rubuta shell:startup ka jefa shotkot ciki, shikenan. Sai dai ba ta san jira ba, kuma manhajar da ke neman izinin admin ba ta tashi daga nan. Rajistiri kuwa, wato rumbun saitin Windows, ka bar ma masu shi.

Task Scheduler yana cikin Windows tun asali, ko sisi ba ka biya. Danna Win da R ka rubuta taskschd.msc, zaɓi Create Task ba Basic ba, a Triggers ka sa At log on, sannan ka ba shi jinkirin minti 1 don hotsifot ko MiFi ya samu ya haɗu, in ba haka ba sikirif mai neman intanet zai tashi ya tarar ba netwok ya mutu shiru kai kana can kana zaton aiki ya yi. In yana son admin akwai Run with highest privileges. Amma wurin da mutanenmu ke faɗawa shi ne Conditions, akwai akwatin da ke zuwa da alama tun farko cewa aikin ba ya farawa sai kwamfuta tana jone da wuta, ƙasansa wani na tsayar da shi in ta koma batir. To malam a Sakkwato da laftof ke wuni kan batir cikin zafin Afrilu ai wannan akwatin kashe kasuwa ne, cire su duka biyu. A Settings ma akwai mai yanke aiki in ya wuce kwana 3. In kana son sanin ya yi ko bai yi ba duba Last Run Result, 0x0 na nuna lafiya lau.

'Yan Linux ku sa fayil .desktop cikin ~/.config/autostart, @reboot na cron, mai tsara ayyuka na Linux, yana tashi tun ba a shiga ba, manhaja mai taga ba za ta fito ba.

Yanzu ga inda nike son ku buɗe kunne. Duk wata manhaja mai suna busta ko kilina da ke cewa za ta shirya maka Startup, musamman wadda anka fasa anka raba a filash, wallahi ku guje ta. Na ga kwamfutar wani mai shago, an sa mishi irin ta wajen gyara, kullum in ya shiga sai baƙar taga ta ƙyafta ta ɓace, ashe fayil .vbs ne wscript, mai tada sikirif a Windows, ke tayarwa, duk filash ɗin da ɗalibi ya soka sai fodojinsa su koma shotkot, har da furojet ɗin 'yan shekarar ƙarshe. Kuma ɓarayin sun san Task Scheduler sarai, manhajojin kunna lasisin Windows na bogi ma nan suke ɓoye nasu aikin da suna mai kama da na gaske, shi yasa naka aikin ka raɗa mishi sunan da za ka gane, ko da Hausa ne. Task Manager ba ya nuna waɗannan. Autoruns ke tona su, na Sysinternals ne da Microsoft ta saye a 2006, kyauta ne kuma yana iya tambayar VirusTotal, shafin da ke duba ko fayil na da bairos, kan kowane layi. Daga shafin Microsoft kaɗai za ka sauke shi, kar ka amshi na filash ɗin mai gyara ko da abokinka ne.