Spear da Powerman: Jarumai Biyu da Gara Ta Kusa Cinyewa

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka sha jin dattawa suna ambaton wani Lance Spearman, sannan ka ci karo da hoton bangon wata tsohuwar mujalla mai suna Powerman da aka ce a Najeriya aka sayar da ita. Shin abu ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, wanne ya cancanci mutum ya sha wahalar nemansa?

Ba ɗaya ba ne, ko zamani ma bai haɗa su ba. Spearman ya fito a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, a mujallar African Film mai fitowa mako-mako, ya yi tashensa har wajen 1972. Powerman sai a 1975 ya zo, lokacin da kuɗin man fetur da na ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata, yana fitowa duk bayan mako biyu, ya kuma ɓace a 1977. Na farko da sulalla aka saye shi, na biyu da kwabbai, don naira ta shigo tsakaninsu a Janairun 1973.

Babban bambancin yana ga yadda aka yi su. Spearman ba zane ba ne sam. Mutane ne na gaske aka tsayar aka ɗauki hotonsu, hoto bayan hoto, kowane da maganar da aka rubuta a jikinsa, kamar an yayyanka fim an jera a takarda. Shi ya sa aka raɗa wa mujallar wannan suna. Kamfanin Drum na Jim Bailey, wanda cibiyarsa ke Afirka ta Kudu, shi ke yin ta, a can kudancin nahiyar ake ɗaukar hotunan, sannan a rarraba ta ofisoshinsa na Legas da Nairobi. Wanda ya fito a matsayin jarumin, Jore Mkwanazi, aikin boyi yake yi a Durban, da dare ya kaɗa fiyano a gidan rawa, kafin wani mai ɗaukar hoto ya tsinto shi. Powerman kuwa zane ne tsantsa, da alƙalami da tawada, kuma a Ingila aka rubuta shi aka zana shi, aka turo Najeriya, inda kamfanin Pikin ya fitar da shi. Donne Avenell da Norman Worker ne marubutan. Masu zanen wasu samari ne biyu da a lokacin ba su yi suna ba, Dave Gibbons da Brian Bolland, wannan ya yi fitowa ɗaya, wancan ya karɓi ta gaba. Riƙe sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

In jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam kake nema, irin su Superman, to Powerman ne kaɗai ya ci sunan. Yana tashi sama, yana da ƙarfin da ba a ja da shi, kuma lagonsa guda ɗaya ne: saran maciji. Wannan kam na yaba wa wanda ya yi tunaninsa. Superman sai an samo wani koren dutse daga wata duniya kafin ya yi laushi, shi kuwa namu abin da zai kayar da shi yana nan kwance a kunyar gona. Duk wanda ya san abin da kububuwa ke yi wa manoma a yankin Kaltungo ba zai ɗauki wannan lago da wasa ba.

Spearman, ko Spear kamar yadda masu karatu ke kiransa, ba ya tashi ko taku ɗaya daga ƙasa. Mai farautar masu laifi ne a birni, an ɗinka shi a kan samfurin James Bond: kwat, malafar Turawa, taye mai kama da malam-buɗe-littafi, taba mai kauri a baki, naushi da bindiga da saurin dabara. Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai Sonia, wadda ke kai ƙato ƙasa da karati. Akwai Lemmy, yaro mai harbi da danƙo, wanda nake ganin shi ne ƙofar da yara suka bi suka shiga labarin, don kowane yaro a unguwa yana da danƙo a aljihu. Akwai Captain Victor na 'yan sanda. Babban abokin gabarsa kuma shi ne Rabon Zollo, wanda in ka ji sunan sai ka rantse Bahaushe ne, alhali ko kusa.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na haɗa labaran biyu. Gibbons ya faɗi cewa masu mujallar sun umarce su da su sa lamba a kan kowane gidan zane, ɗaya, biyu, uku, wai don kada mai karatu a Najeriya ya rikice da inda zai bi. An kuma ja masa kunne cewa tumbi a nan alamar wadata ce da iko, kada ya ɗauka alamar haɗama ce kamar yadda suke yi a can. Ya ma tambaya me ya sa ba a ba 'yan Afirka aikin ba, aka ce masa za su taso daga baya in abin ya karɓu. To amma shekara shida kafin wannan, a 1969, ɗan jaridar Amurka Stanley Meisler ya rubuta cewa African Film na sayar da kwafi dubu 100 a Afirka ta Yamma kaɗai. Kuma ka san yadda muke karatu: kwafi ɗaya sai ya zaga aji, ya shiga bariki, ya dawo ba bango. Mutanen da suka yi shekaru suna bin Spear daga hoto zuwa hoto kowane mako, su ne aka zo ana ƙirga musu gidaje kamar 'yan aji ɗaya. An je koya wa ɗan kada iyo ke nan.

Kada ka ɗauka ina wanke Spearman ne. Shi ma yana da nasa kashin a gindi. An yi shi ne a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, amma za ka karanta fitowa bayan fitowa ba ka ga alamar wannan bala'i ba. Birnin da yake yawo a ciki ba shi da takamaiman suna, siyasa kuma an kauce mata gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ɗan Kano da ɗan Kampala kowa ya ɗauka garinsu ne ko maƙwabcin garinsu, kuma shi ne ya sa mujallar ta iya shiga ƙasashen da ba sa ga maciji da gwamnatin Afirka ta Kudu. Dabarar kasuwa ce, ba kishin kowa ba. Sai dai duk da haka, fuskokin da ke cikin hotunan baƙaƙe ne na gaske, masu labaran kuma akwai 'yan Afirka da yawa a cikinsu, abin da Powerman bai samu ba.

Sai mu zo kan yadda aka sake tono su, wanda a ganina shi ne ainihin amsar tambayarka, domin hanyoyin biyu sun yi hannun riga.

Powerman masu zanensa ne suka cece shi. Bayan sun bar aikin, Gibbons da Bolland suka shiga mujallar 2000 AD ta Ingila, inda Bolland ya yi suna da Judge Dredd. Gibbons ya zana Watchmen tare da Alan Moore a 1986 zuwa 1987, Bolland ya zana The Killing Joke na Batman a 1988. Da sunansu ya kai ko'ina, sai masu tara tsofaffin mujallu suka fara tambayar me suka yi kafin nan. A 1988 kamfanin Eclipse na Amurka ya sake buga wani ɓangare na aikin a fitowa huɗu da sunan Power Comics, aka sauya wa jarumin suna ya koma Powerbolt. Dama kamfanin Marvel na da nasa Power Man, wato Luke Cage. Saboda haka wanda ke neman Powerman yau, yawanci ba Powerman ɗin yake nema ba, hannun Bolland yake son gani tun yana koyo. A Najeriya kuwa, inda aka yi shi dominmu, ka tambayi mutum goma masu shekara sittin, da wuya ka sami wanda zai ce ya tuna.

Spearman akasin haka ne. Babu wani mashahurin mai zane da zai ɗauke shi a kafaɗa, ba a kuma sake buga shi an zuba a kasuwa ba. Masu karatunsa ne suka ƙi sakinsa. Da Facebook ya zo, tsofaffin yaran nan na Legas da Nairobi da Accra, yanzu da furfura, suka fara ɗora shafukan da suka tsira a hannunsu, wannan ya kawo bango, wancan ya kawo tsakiya. Masana ma suka waiwayo. Matthias Krings, Bajamushen da ya yi bincike a Kano kan finafinan Hausa, ya ware masa babi a littafinsa African Appropriations na 2015, inda ya nuna cewa irin waɗannan mujallun hoto sun tsaya a gurbin fim tun kafin bidiyo ya zo. In ka tuna fim ɗin Hausa na bidiyo Turmin Danya sai a 1990 ya fito, za ka gane tsawon shekarun da takarda ta riƙe wa mutane wannan ƙishi.

Ni dai a wurin kawuna na fara ganin Spear, a ƙasan wata adaka ta ƙarfe, tare da takardun fansho da tsofaffin hotunan biki. Kwafi uku ne. Gara ta ci gefen biyu ta bar ƙasa-ƙasa a tsakanin shafuka, ɗayan kuma shafin ƙarshe ya tafi, har yau ban san yadda Spear ya kuɓuta daga ɗakin da aka kulle shi ba. Na tambayi kawu ina sauran, ya ce ai da tuli ne, mai ƙosai ta ƙofar gida ce ta ƙarar da su a shekarun baya. Yana faɗa yana dariya, amma ya zayyano mini sunayen mutanen labarin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba takarda ba.

Don haka in za ka bi shawarata, ka nemi Spear. Powerman ba zai ɓace ba, bugun Eclipse yana hannun masu sayar da tsofaffin mujallu a Turai da Amurka, duk ranar da ka shirya ka kuma sami mai taho maka da shi, za ka samu. Zanensa ya fi kyau, wannan ba gardama, amma labaransa masu sauƙi ne ƙwarai, na yara, kana gama ɗaya ka san yadda na gaba zai ƙare. Spear kuwa abin da ya rage nasa yana cikin adakokin dattawa, kuma kowace damina sai an yi asarar wani. Ka fara da tsofaffin malaman makaranta, da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka yi ritaya, da gidajen Sabon Gari. In ka samu, kada ka ja shafukan da ƙarfi, ƙusar tsakiya ta riga ta yi tsatsa ta ci takardar. Ka shimfiɗa a inuwa, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka har da tallace-tallacen ciki, sannan ka mayar wa mai shi kayansa. In kuma ka ci karo da fitowar da aka kulle Spear a ɗaki, ka turo mini shafin ƙarshe.