Shirin Auna Nauyin Yara a Makaranta: Awon Ya Yi Kyau, Wasiƙar Ce Ta Gaza

Makarantar firamaren da 'ya'yana suke zuwa ta shigo da wani shiri na duba lafiyar ɗalibai, inda ake auna nauyi da tsayin kowane yaro sau ɗaya a shekara, a aika wa iyaye wasiƙar sakamako, sannan a riƙa koya wa yaran amfanin abinci mai gina jiki da motsa jiki. Na bi shirin tun daga takardar neman izini har zuwa sakamako, kuma ra'ayina shi ne awon an yi shi yadda ya kamata, amma abin da ya biyo bayansa bai kai darajarsa ba, har ma yana iya jawo illa idan ba a gyara ba.

Dalilin da ya sa makarantu suka shiga wannan harka ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, masu shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya zarce ƙima, kuma miliyan 160 daga cikinsu suna fama da ƙiba sosai. A shekarar 1990 kashi 8 cikin 100 ne na masu waɗannan shekaru ke da nauyin da ya zarce ƙima, amma zuwa 2022 ya kai kashi 20. Tun da makaranta ce wurin da ake samun kusan dukan yara a tattare, Ingila ta daɗe tana auna 'yan shekara 4 zuwa 5 da 'yan shekara 10 zuwa 11, jihar Arkansas ta Amurka kuma ta kafa dokar yin haka tun 2003.

Ranar awo an ba iyaye damar halarta, na kuwa je. Ma'aikaciyar jinya ta keɓe ɗaki guda, tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ƙofa. Yaro zai cire takalmi da rigar sanyi, ya zazzage aljihunsa, sannan ya hau sikelin da aka ajiye a kan daɓe mai tauri, ba a kan darduma ba. Wajen auna tsayi sai ta tabbatar dugadugansa da kafaɗunsa sun jingina da katakon awo, idonsa yana kallon gaba, kafin ta sauko da marfin ya taɓa kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta juya fuskar sikelin ta ɓangarenta, ta rubuta lambar ba tare da ta furta ta ba, ta sallami kowane yaro da fara'a iri ɗaya, mai jiki da siriri. Wannan ladabi ne na sana'a, kuma ba kowane mai riƙe da sikeli ke da shi ba.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Mutane da sun ji an ce awon nauyi sai hankalinsu ya tafi kan ƙiba, alhali sikeli da katakon tsayi suna tona rama da tsumburewa kamar yadda suke tona ƙiba. Yaron da shekara ta zagayo bai ƙara tsayi ba, ko nauyinsa ya faɗi ba gaira ba dalili, yana iya kasancewa da ciwon da ba a gano ba, ko kuma abinci ba ya isarsa. Iyayen da ke ganin ɗansu kullum su ne na ƙarshen lura da irin wannan sauyi, domin a hankali yake zuwa. Ko don wannan kaɗai ba zan so a daina awon ba.

Inda matsala take farawa shi ne wajen fassara lambobin. Shirin yana amfani da ma'aunin BMI, wato a raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita bayan an ninka tsayin da kansa. Yaro mai kilo 30 da tsayin mita 1.35, alal misali, zai samu kusan 16.5. Ga babba, 25 ce iyakar da nauyi ke fara zarce ƙima, 30 kuma ƙiba ce, amma yaro ba a yi masa wannan hukunci kai tsaye, sai an ɗora lambarsa a kan jadawalin sa'o'insa na shekaru da jinsi, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007. Duk da haka ma'aunin bai san bambancin kitse da tsoka ba, bai san yarinyar da balaga ta zo mata da wuri ba, kuma asalinsa lissafi ne da Adolphe Quetelet, masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, ya ƙirƙiro a ƙarni na 19 don nazarin jama'a da yawa, ba don yanke hukunci a kan mutum ɗaya ba. Alama ce ta cewa a ƙara bincike, ba sakamakon likita ba ce.

Wasiƙar da aka aiko mana ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shafi ɗaya ce, da akwatuna masu launin kore da rawaya da ja, an yi wa guda alama, a ƙasa kuma an rubuta shawarar a rage zaƙi a ƙara wasa. Babu lambar wayar wanda za a tuntuɓa, babu bayanin inda za a kai yaron da ya faɗa akwatin ja. Mafi muni, a hannun yaran aka danƙa ta cikin ambulan da ba a liƙe ba, don haka kafin su isa gida sun buɗe sun gwada wa juna. 'Yata ta dawo tana ba ni labarin wata ƙawarta da aka yi ta kira da sunan launin akwatinta har ta fashe da kuka. Duk sirrin da ma'aikaciyar jinya ta wahala ta kiyaye a bayan ƙofa, ambulan ɗaya ya watsar da shi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin yarinyar da aka kunyata a kan jikinta tana iya fara ƙin abinci a ɓoye ko ta guje wa filin wasa, wanda shi ne akasin abin da ake nema.

Ba a makarantarmu kaɗai wannan damuwa ta tsaya ba. Wani babban bincike da aka gudanar a makarantu 79 na jihar Kalifoniya, a kan ɗalibai sama da 28,000, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa aika wa iyaye wasiƙar BMI bai sauya nauyin yaran ba, kuma yaran da aka auna a makaranta sun ƙara jin rashin gamsuwa da jikinsu. Jihar Massachusetts ta daina tilasta aika irin wannan wasiƙa a 2013. Singafo ma ta yi shekara 15 tana ware yara masu ƙiba don ƙarin motsa jiki, daga 1992 zuwa 2007, kafin ta soke shirin bayan an yi ta kokawa da tsangwamar da yake jawowa, ta maye gurbinsa da wanda ya shafi dukan ɗalibai.

Ɓangaren koyar da kyawawan ɗabi'u kuwa ya tsaya a fatar baki. Ana gaya wa yara a aji cewa su rage zaƙi, amma shagon da ke cikin harabar makarantar cike yake da lemon kwalba da alewa, kuma da zarar jarrabawa ta matso, lokacin wasanni ne ake fara yankewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana, kuma sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu. Makaranta tana da iko a kan waɗannan biyu fiye da yadda take da iko a kan girkin gidajen mutane. Wata firamare a garin Stirling na Sikotilan ta fara fitar da ɗalibanta gudu ko tafiya na minti 15 kullum a 2012, ba tare da an ware mai jiki daga siriri ba, kuma makarantu da yawa a duniya sun kwaikwaye ta.

Shawarata ga iyayen da aka kawo wa takardar izinin irin wannan shiri ita ce su amince, amma bisa sharaɗi. Su tambayi wanda zai yi awon da inda za a yi shi, su tambayi wanda ke da damar ganin lambobin da kuma tsawon lokacin da za a adana su, sannan su nace cewa sakamako ya zo musu kai tsaye ba ta hannun yaro ba, tare da sunan ma'aikacin lafiyar da za su iya zama da shi. Ni na rubuta wa hukumar makarantar waɗannan buƙatu, na kuma sanar da ita cewa idan ba a sauya hanyar aiko da wasiƙar ba, baɗi zan kai 'ya'yana asibiti a auna su a can.